Yadda Na Sa Kawu a Sahun Raguna

Abin da na fara gani da na sauka daga babur a Kebbe shi ne sabuwar hular Kawu Sule. Da ita ya ɗauki hoto don shafinsa na sayar da raguna a intanet. Damuwarsa ita ce ko an bincika, shafin ba ya fitowa.

Ni da ba na iya ɗaga ido a aji, ranar sai na gyara zama kamar injiniya. Na yi masa bayanin abin da aka koya mana a makaranta a Tambuwal: injin bincike ba ya ganin hoto, sai rubutun da aka maƙala masa. Na rubuta "babban rago mai ƙiba, ɗan Kebbe", na liƙa wa hotunan shafin duka a lokaci guda. Na manta hotonsa yana cikinsu.

Aiki kuwa ya yi kyau. Kafin Babbar Sallah, duk wanda ya nemi babban rago a Kebbe, Kawu ne ke fara fitowa, hula a karkace, yana murmushi. Abokinsa Malam Bello ya zo har gida, ya zagaya shi, ya shafa masa wuya ya ce, "Wanga ya isa layya. Mi anka ba shi, dusa ko harawa?"

Na so in gyara, Kawu ya hana, wai ciniki ya buɗe. Har yau "mai kiwon Kawu" ake ce mini. Sai na samu matarsa na ce, "Inna, don Allah ko a gida ne, a daina tambayata ko na ba shi ruwa."