Ranar da Na Tsare Raga da Kwat da Laktaye

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da bakina ya kai ni gaban raga, ya tsayar da ni cikin kwat da laktaye a tsakiyar ranar Kuala Lumpur. Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in nemi ƙarƙashin gado in shige.

A lokacin ina karatun digirin dakta a fannin gudanarwa, ina zaune a ɗaya daga cikin benayen Pantai Dalam kusa da jami'a. Mu ɗaliban Najeriya muna da ƙungiyar ƙwallo da ke shiga gasar ɗalibai, sunanta Zakunan Pantai. Ni dai ba ɗan wasa ba ne. Rabon ƙafata da ƙwallo tun ina firamare, kuma ranar ma ba ni na je wurinta ba, ita ce ta same ni ina wucewa. Amma a bakin fili babu mai baki kamata. Na san wanda ya kamata a cire, na san wanda ya kamata a saka, kuma ina faɗa da ƙarfi yadda har 'yan ɗaya ƙungiyar za su amfana.

Kocinmu Danladi ne, mutumin Jos, ɗalibin injiniya, ya ɗan girme ni. Ba a biyansa ko sisi. Abin da muke kira kwantiraginsa shi ne bayan kowane wasa a kai shi mamak, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi, a saya masa soyayyiyar shinkafa da shayin madara. Mutum ne mai haƙuri, har haƙurin nasa yakan ba ni haushi.

Sai korona ta zo, aka saka dokar kulle, aka rufe fili, gasa ta tsaya. Za ka zaci gardamar ƙwallo ita ma za ta tsaya. Ina! Ai a lokacin ta samu gindin zama. Kowa yana ɗaki, babu aji, babu fita sai sayen abinci, sai guruf ɗinmu na waya ya koma majalisa. Muka yi kwanaki a kan sunan ƙungiya, wasu suka ce zaki malalaci ne, matarsa ke yin farauta. Golanmu Bitrus, wani ƙato ɗan Kafanchan, ya ce idan sakamako za a bi to a kira mu Magen Pantai a huta. Muka koma kan launin jesi. Daga nan muka faɗa kan jadawali: 'yan masallaci suka ce ba za a buga ranar Juma'a ba, 'yan coci suka ce a manta da Lahadi. Aka yi fushi, wani ya fita daga guruf aka dawo da shi da lallashi (duk a kan wasan da babu shi fa, filin ma ciyawa ta cinye shi).

Ni kuwa na ɗauko babbar magana. Na ce kada a sabunta kwantiragin Danladi. Hujjata ita ce an shafe watanni bai kawo mana nasara ko ɗaya ba. Bitrus ya rubuto cewa ai ba a buga wasa ba ne. Na ce masa irin wannan uzurin ne ya hana Afirka ci gaba.

Na matsa har shugaban ƙungiya, Malam Nura, ya kira taro ta bidiyo. Na shirya kamar zan kare kundin digirina. Na nuna zane-zane da kibiyoyi, na yi bayanin yadda 'yan baya za su riƙa hawa, 'yan tsakiya su riƙa matsawa. Har tsaron raga na taɓo, na ce kama fenariti ba ƙarfi ba ne, ba tsalle ba ne, karanta zuciyar mai bugu ne kawai, duk mai ilimi zai iya. Danladi yana saurare yana ɓarar gyaɗa. Da na gama ya karkaɗe hannunsa ya matso kusa da kyamara.

"Gaskiya Dakta ka sha karatu," in ji shi. "Ni duk wannan ban san shi ba. Na sauka, kuma I nominate Dakta."

Malam Nura ya tambaya ko akwai mai ja. Shiru. Mai hankali zai ji tsoron irin wannan shirun, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce. A ranar na kira gida Katsina na sanar da su an naɗa ɗansu koci a ƙasar waje. Hajiyarmu ta yi mini addu'a, ta tambaya ko da albashi, na ce mata harkar ta fi ƙarfin albashi.

Bayan wani lokaci aka sassauta doka, jami'a ta sanar da dawowar gasa, amma da sharaɗi. Tunda an hana cuɗanya, ba za a buga cikakken wasa ba, fenariti kawai za a yi. Kowace ƙungiya ta zo da masu bugu biyar da gola ɗaya da koci. Babu 'yan kallo, za a haska kai tsaye ta intanet. Wanda ya makara ya faɗi, wanda aka ci ya fita daga gasar gaba ɗaya. Wato duk kibiyoyina sun tashi a banza, ga shi kuma idan Zakuna suka fita a wasan farko kowa ya san kan wa za a sauke.

Na ce ai dole a ga hannun sabon koci ko ta halin ƙaƙa. Na fara da jadawali. Na je na zaɓa mana Asabar da tsakar rana, lokacin da duk sauran ƙungiyoyi suka guje wa. Ba Juma'a ba, ba Lahadi ba, na kashe tsohuwar rigima, kuma a lissafina abokan karawarmu, yaran sashen likitancin haƙori, za su narke a rana alhali mu 'yan Afirka ne. Sai na ƙara da umarni na biyu: kowa zai taho da gudu tun daga benayenmu har ƙofar fili don jiki ya ɗau zafi.

"Koc, fenariti ne fa," in ji Bitrus. "Taku uku ne mutum ya buga. Wane irin gudu kuma?"

Na ce masa zamanin shan shayi da hira ya wuce.

Ranar wasa na saka baƙar kwat da jan laktaye irin na manyan kocin da nake gani a talabijin. Na tura wa dangi da abokai hanyar kallo, har da tsofaffin abokan aikina. Tunda kwat ba ta son gumi, sai na hau tasi mai sanyi, na wuce yarana a hanya suna haki, na leƙo na ɗaga musu babban yatsa.

A ƙofar fili akwai wani dattijon maigadi Bamalaye riƙe da na'urar nan mai kamar bindiga da ake auna zafin goshi. Ya ɗora mini, ta yi kore, ya ce, "Boleh," wato in wuce. Can sai ga Zakuna sun iso, jesi ta jiƙe sharkaf, kai yana tururi. Ya ɗora wa na farko, na'ura ta yi ja ta hau kuka. Na biyu, ja. Na uku, ja. Dattijo ya ja da baya ya gyara takunkuminsa yana kallonsu kamar annobar ce da kanta ta zo buga ƙwallo.

"Cannot lah," in ji shi. "All fever."

Na yi masa bayani da duk Turancin da na mallaka cewa ba zazzaɓi ba ne, horo ne na zamani. Ya ce shi bai san zamani ba, ja ya sani da kore. Ya nuna musu gindin bishiya ya ce su huta a sake gwadawa. Alƙalin wasa kuma ya aiko cewa lokacinmu yana tafiya.

Na ruga wani kedai da ke tsallaken titi (ƙaramin shago ne), na ce a yi mini tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na shayin ƙanƙara, aka ɗaura mini a leda-leda. Na dawo bayan bishiya na ɗora wa kowa a ka. Masu bugu biyar suka ɗan huce, suka goge goshi, suka je, na'ura ta yi kore. Bitrus kuwa da ya ga jikinsa ya ƙi sauka, sai ya zare ƙanƙarar ya danna a goshi ya riƙe har fatar ta daskare. Dattijo ya auna. Ya duba na'ura, ya dubi Bitrus, ya girgiza ta ya sake aunawa. Sai ya ce a bisa wannan ma'aunin mutumin nan ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba ya shigar da gawa fili. Daga nan ya hango ruwan shayi yana gangarowa ta bayan kunnen Bitrus, ransa ya ɓaci, ya rantse ko shugaban jami'a ne ya zo wannan ƙaton ba zai shiga ba.

Alƙali ya ce dole mutum shida su tsaya, amma doka ta yarda koci ya cike gurbi. Na ce to ɗaya daga cikin yaran ya shiga raga, ni in buga. Suka haɗa baki suka ce a'a.

"Koc, ba kai ka ce karanta zuciya ne ba?" in ji ɗayansu. "Ai duk cikinmu babu mai iliminka."

Bitrus ya jeho mini safar hannunsa ta saman shinge, jiƙaƙƙiya, tana ƙamshin shayi.

An ce mai wasa yana iya cire takunkumi, amma da na hango kyamara na tuna duk Katsina tana kallo, sai na ƙara jan nawa sama. Matsalar ita ce ina sanye da tabarau, numfashina ya rufe gilashin da hazo. Bugun farko ban ga komai ba, ƙarar raga kawai na ji a bayana. A na biyu na cire tabarau, sai na ga ƙwallo biyu, na bi wadda ba ita ba. A na uku na ga yaro ya taho, na yi wani irin tsalle na zube a ƙasa, na ji kwat ta ce ƙyat daga baya, ashe gyara zaman ƙwallo kawai ya zo yi. Ya jira na tashi na karkaɗe jikina, sannan ya ci. Na huɗu ta tsakanin ƙafafuna ta wuce.

Abin mamaki, yarana sun yi ƙoƙari duk da wahalar da na ba su, sun ci huɗu, na biyar ne ya doki ƙarfe. Saura bugu ɗaya ga 'yan haƙori. Idan na kama a ci gaba, idan ta shiga Zakuna sun fita.

Mai bugun ƙarshe wani siririn yaro ne mai fuskar tausayi. Ya ajiye ƙwallo ya tsaya yana kallona: tabarau a hannu ɗaya, laktaye a kafaɗa, kwat a tsage. Sai ya tako ya ɗan rusuna, ya miƙa yatsa ya nuna kusurwa ɗaya ta ragar.

"Uncle, this side," in ji shi. "Slow only. Okay?"

Uncle! Ni da ban fi shi da wasu shekarun kirki ba. Nan take ilimina ya motsa. Na ce a raina wannan yaro yana so ya yi wasa da hankalin mai digiri biyu. Ya nuna can don in yi can ya buga nan. Amma ya san zan gane, don haka zai buga can ɗin. Amma kuma ya san zan gane cewa ya san zan gane. Ina cikin wannan lissafi aka busa usur, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni na tashi sama zuwa ɗaya ɓangaren. Takalmina ɗaya ya fice ya yi nasa waje.

Ina kwance na juyo da kai, na ga ƙwallo tana gangarawa a hankali, a hankali, daidai wurin da ya nuna. Da kyar ta tsallake layi, ko ragar ba ta taɓa ba. Yaron bai yi murna ba. Ya juya ga kyamara ya buɗe hannuwa ya ce, "I told him." Mai sharhi ya yi ta ƙoƙarin magana dariya ta hana shi. Daga bayan shinge na ji muryar Bitrus yana cewa, "Koc, da ka kwanta kawai ma da ta same ka!"

Wallahi na so ƙasa ta buɗe. Kafin in nemo takalmina wayata ta cika. Ban buɗe saƙon kowa ba sai na ƙanina, shi ma don na ga ya ce daga Hajiya ne. Cewa ta yi a tambaye ni, wai yaron kirkin nan bai gaya mini inda zai buga ba ne?

Da yamma na kira Danladi. Na ba shi haƙuri, na ce na sauka, ya dawo ya karɓi ƙungiyarsa, shinkafarsa ma ni zan riƙa saya. Ya yi dariya har sai da ya yi tari.

"Haba Dakta, ni? Ai yau na fara jin daɗin ƙwallo. Ina zaune gaban fanka, ina kallo, ina ta faɗin abin da ya kamata a yi. Ashe haka kuke morewa? Ba na dawowa, riƙe kayanka."

Na kira Malam Nura, ya ce shi ma ya tuntuɓi kowa, babu mai so. Haka na ci gaba da zama kocin Zakunan Pantai har na gama karatu, ina ɗaukar jarkar ruwa, ina wanke jesi a banɗakina, ina roƙon manyan mutane masu 'ya'ya su fito atisaye. Danladi kuwa ya zama babban mai sharhi a guruf, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawanci gaskiya yake faɗa.

Shi ya sa yanzu duk inda na ga mutum yana yi wa jama'a aikin da ba a biyansa, ko a baibai yake yin sa, sannu da ƙoƙari kawai nake ce masa in wuce. Na gano cewa yawancinsu ba shawara suke jira ba, jira suke wani mai baki ya matso kusa su sauke masa.