Yadda Za Ka Shayar da Fulawarka Ba Tare da Ka Shayar da Ita Ba

Tun da damina ta yi mana rowa, hukumar ruwa ta hana ban-ruwan fulawa da ciyawar ado, lambun da muka haɗu muka dasa a bakin layinmu ya koma kamar tsohuwar tabarma. Amma fulawar ƙofar gidana shar take. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci taka ma za ta yi shar, kuma ba mai kama ka.

1. Fi kowa ɓacin rai

A taron unguwa kai za ka fara miƙewa. Girgiza kai, ka ce, "Jama'a, mutane na neman na sha, wani yana shayar da ganye? Ina tausayi?" Shugaban kwamitinmu tsohon hedimasta ne, ranar sau biyu ya ba ni hannu.

2. Mayar da wanki ƙofar gida

Doka ta hana ban-ruwa, ba ta hana tsafta ba. Ajiye baho daidai gindin fulawa ka hau wanki. Ruwan ɗauraya ai dole ya zube a wani wuri. Singileti ɗaya na wanke sau bakwai a mako, har matata ta ɗaga ta, ta hango ni ta cikinta, ta ce, "Baban yara, wannan riga ce ko rariya?"

Kada ka amsa. Masana sun haɗu a kan cewa ba a jayayya da wadda ta san gaskiya.

3. Koyi tuntuɓe

Fito da kofi cike da ruwa kamar mai shirin sha, ka yi tuntuɓe, ka yi salati. Telan da shagonsa ke kallon gidanka zai leƙo ya ce, "Maƙwabci, kullum a wuri ɗaya kake faɗuwa. Ko a kira likita?" Ce masa gwiwa ce, gadonta ka yi.

4. Rage wa ganye kyau

Barbaɗa masa toka kowace safiya. Shukar mai gaskiya ba ta sheƙi.

5. Tanadi ƙarya, amma auna girmanta

Nan ne ni na yi ganganci. Wata Asabar hedimasta ya tsaya a ƙofata, ya sa yatsa ya goge tokar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ya aka yi taka ba ta bushe ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar wurin ce. Danshi take riƙewa, ni ma mamaki nake."

Ya jinjina kai ya tafi. Washegari tela ya kawo tukwanen fulawa biyu, mai kemis ya kawo huɗu. Surukata ta taso daga wata unguwa da dashen lemonta a mota, tana cewa, "Ɗana, ashe albarka Allah ya ajiye maka a ƙofa ka yi shiru?" Kafin mako ya zagayo kwamiti ya tone duk abin da ya rage da rai a lambun layi, aka dasa mini, wai har ruwa ya sauka. Aka yi tafi.

6. Daure

Yanzu shuka talatin da huɗu ke jirana, kuma ko ɗaya ta mutu asirina ya tonu, lambun unguwa ya tafi da ni. Na wanke labule, na wanke darduma, na wanke labulen kuma. Mu shida muna wanka da bokiti ɗaya da rabi. Matata ta ce ba za ta tona ba, da sharaɗin wanke-wanken kwanuka ma ya dawo hannuna. Ya dawo.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin tara, ciwon baya, zubewar mutunci ko ziyarar suruka. In an kama ka, ban san ka ba, ban taɓa rubuta komai ba. In kuma kana da kayan wanki, kawo, kyauta nake yi. Ka dai taho da ruwanka.