Ranar da Kawu ya raba mini lamba gida uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a fannin lissafi a wata jami'a da ke Tianhe, a ƙasar Sin, aka ce kowa ya gabatar da jawabi gaban malamai, da shi za a zaɓi masu ci gaba da samun tallafin karatu. Nawa a kan lambobin da ba sa rabuwa ne sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da sha uku.

Don tsabar son a sani, na gayyato Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai zuwa sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu da ke garin. Firamare bai gama ba, ni kuwa so nake ya koma Kano ya ba da labarina. (Takardar da na rubuta misalaina ma a ɗaki na bar ta, wai ni mai ƙwaƙwalwa.)

Na tashi na zana miliyan ɗaya da sha ɗaya a allo, na shaida wa jama'a cewa duk girmanta babu abin da ke raba ta. Sai na ji muryar Kawu daga baya, da Hausa: "Ɗana, anya? Wannan ai ta rabu uku."

Mutumin da bai san komai ba sai kwali da lambar ƙafa zai gyara mini a gaban Sinawa? Na ce masa, rai a ɓace, nan ba kasuwa ba ce, ya yi shiru don Allah. Tsohuwar farfesarmu ta tambayi abin da baƙon ya ce. Na fassara mata har da 'yar dariyar raini. Ta ce a bar shi ya yi bayani.

Kawu ya gyara hularsa. "Cire ɗaya daga miliyan, sauran tara-tara ne, sun rabu uku. Ɗayan nan ka haɗa da sha ɗaya, sha biyu ke nan. Ita ma ta rabu."

Ni da bakina na fassara wannan ma. Miliyan ɗaya da uku na yi niyyar rubutawa, na tuno, amma a makare. Ajin ya kaure da tafi, farfesa ta je har kujerarsa tana ce masa shiye-shiye, godiyarsu ke nan.

Tallafin dai na same shi da ƙyar, bayan an sa na sake jawabin. Kawu bai taɓa tayar da zancen ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da faɗa ya yi da na huta. Kwana uku na yi ina jin haushinsa kafin na yarda ni ne marar kunyar, na je masaukinsa na durƙusa.

Yanzu ko shekaruna aka tambaya, sai na lissafa sau biyu kafin in buɗe baki.