Jakin da Kwatar Fezzan Ta Cinye

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na kashe jaki da biro. Jakin ba shi da ubangida, ba a ma taɓa haifarsa ba, amma saura kaɗan ya jawo wa unguwarmu asarar magudanar ruwa.

Ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu yana da wata al'ada da ban taɓa jin irinta ba. Duk ƙarshen shekara sai ya bi unguwanni ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a tabarma, ya buɗe wani ɗan littafi mai baƙin bango, ya karanta alkawuran da ya ɗauka bara, ya faɗi waɗanda ya cika da waɗanda suka gagara. Bayan nan sai ya saurari kukan jama'a. Mu a Fezzan kukanmu ɗaya ne: kwatar da ta bi ta bayan masallacin layinmu, wadda duk damina take tumbatsa ta shiga gidajen mutane.

Bulama, mai unguwarmu, ya tara dattawa suka ce a rubuta kukan a takarda. Ni aka kira, saboda ina aji huɗu a sakandare kuma rubutuna yana da kyau (bakina ne ba shi da birki). Suka faɗa da Barbarci, na rubuta da Hausa. Duka-duka layi uku: kwata tana cika, ruwa yana shiga gidaje, a taimaka a gina ta da siminti.

Da na koma gida na dubi takardar, sai ta ba ni tausayi. Na ji labarin 'yan unguwar Galtimari shafi biyu suka cika. Mu kuma layi uku, kamar wasiƙar neman aron tsani? Sai na ƙara akuya ɗaya da ruwa ya tafi da ita. Na ga ita kaɗai za ta yi kewa, na ƙara mata 'yar'uwa. Na ce ruwan yana kai wa babban mutum wuya. Daga ƙarshe, don takardar ta yi nauyi, na jefa jaki a ciki, da kayan itacensa. Ban karanta wa kowa ba. Wai so nake in ba dattawa mamaki.

Ranar taron, bayan la'asar, Ciyaman ya iso ba jiniya ba maroƙa. Ɗan gajeren mutum ne mai tabarau, muryarsa ma sai ka kasa kunne. Ya gaida dattawa da "wushe, wushe", ya zauna, ya buɗe littafinsa. Ya ce rufin ɗakin shan magani an gama. Famfo uku ya yi alkawari, biyu suna ba da ruwa, na ukun an haƙa ba a dace ba, za a sake wuri. Bencinan firamare kuwa ba a kawo ba, ya ce kada a zagi ma'aikata, shi ne ya yi sakaci. Wani tsoho a gefena ya rantse tun da yake bai taɓa jin babban mutum ya ce laifinsa ne ba. Ni dai ban damu da wannan ba, jira nake a kira ni.

Aka kira ni. Na miƙe, na gyara murya irin ta mai karanta labaran rediyo. Layi ukun dattawa suka wuce lafiya, kowa yana gyaɗa kai. Da na zo kan awaki sai na ji ƙananan maganganu. Da na zo kan jaki, kowa ya juyo yana kallona. Na saci kallon Bulama, na ga idanunsa sun yi girman ƙwan agwagwa.

Ciyaman ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Ɗana, jakin na wane ne?"

"Na wani baƙo ne, ranka ya daɗe."

"Allah ya mayar masa da alheri. Tashi ka kai ni wurin."

Wallahi ban taɓa sanin layinmu yana da tsawo ba sai ranar. Ina gaba, Ciyaman yana bayana, dattawa suna bayansa, yaran unguwa kaf suna bayansu. Na yi ta addu'a Allah ya zurfafa kwatar nan kafin mu isa. Muka isa. Watan Disamba ne, kwata ta bushe ƙayau, wata kaza ma tana kiwo a cikinta da 'ya'yanta. Ciyaman ya tattare babbar rigarsa ya sauka ciki. Ko gwiwarsa ba ta kai ba, shi da yake gajere.

"A tsaye jakin ya nitse, ko sai da ya kwanta?"

Yara suka fashe da dariya, har da wasu dattawan. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Amma shi bai daɗe yana murmushi ba. Ya juya ga Bulama ya ce takardun unguwanni da yawa ne a gabansa, kuma ba duka za a iya yi ba. In ya kai wannan gaban kansiloli, aka turo injiniya ya auna ya ga haka, ƙarƙashin sauran za a sa ta Fezzan, har gaskiyar da ke ciki a ce ƙarya ce. Bulama ya sunkuyar da kai. A nan ne na gane ba kunyata kaɗai na jawo ba.

Sai Ya Falmata, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da gidanta yake manne da kwatar, ta ratso mutane ta kama hannun rigarsa.

"Rabu da jakin yaro. Zo ka ga nawa."

Ya bi ta, ya yi sallama ya shiga, ya yafito ni. Ta nuna masa shatar ruwa a bangon ɗakinta, layi a kan layi, kowace damina da nata. Ta nuna gadonta da ta ɗora a kan bulo, da katangar da aka tokare da azara. Ya tsuguna ya auna shatar da tafin hannunsa, ya tambaye ta inda take kwana in ruwa ya shigo. Ta ce a zaune, a kan turmi. Ya daɗe yana rubutu a littafinsa. Sannan ya yago takarda ya miƙo mini da bironsa, ya ce in rubuta abin da idona ya gani kawai. Na rubuta a kan gwiwata. Layi huɗu ya fito, kuma ko ni da na karanta sai da ya taɓa ni fiye da jakin.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa babban mutum ƙari, ka fara bincikawa ko yana da ƙafafu. Namu yana da su, kuma yana amfani da su.

An gina rabin kwatar kafin damina, daga masallaci zuwa bakin titi. Ragowar rabin, shi da kansa ya karanta shi cikin waɗanda suka gagara da shekara ta zagayo. Ya Falmata ta sauke gadonta daga kan bulo. Bulama har yanzu ni yake kira in yi rubutu, amma sai na karanta masa sau biyu, jikarsa ta karɓa ta sake karantawa. Kuma daga Fezzan har Kasuwar Kwastam, in ka tambayi sunana na yanka ba lallai a gane ni ba. Ka ce Mai Jaki.