Ranar da na kai wa Ubangiji albasa a babban baho

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da anka yi godiyar girbi a cocinmu na Goronyo. Har yau in ina yanka albasa ta sa ni hawaye, sai maigidana ya leƙo madafa ya ce, "Wannan na tuba ne ko na miya?"

Mu baƙi ne a garin, aiki ya kawo mu. Baban Iliya (maigidan nawa ke nan) gyaran injin ban ruwa yake yi wa manoman rani. Cocinmu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, in ka yi tari a bencin baya fasto ya san ko kai wane ne. Kuma da yake a nan albasa ita ce babbar kaka, sai an cire ta muke yin godiya. Kowa ya ɗauko abin da Allah ya ba shi, a shigo da waƙa a ajiye a gaban bagade, in an tashi a raba wa gwauraye da marasa lafiya.

To, daminar da ta gabata ɗana Iliya ya yi zazzaɓi mai tsanani, har idanunsa sunka juye. Ni dama ga ni da tsoro, ko atishawa ya yi sai na taɓa goshinsa. A asibiti na durƙusa a gefen gado na ce, ya Ubangiji, in ka tashe mini yaron ga, duk albasar da fangalina ya ba ni bana taka ce. Yaro ya tashi.

Fangalin nan ɗan fili ne da maƙwabcinmu Malam Sani ya yankar mini a gefen gonarsa. Sai dai injinmu ya lalace a tsakiyar rani, mai gyaran kuwa ya gyara na kowa tun daga bakin madatsar ruwa har Rabah, ban da na gidansa. Da na je cira, albasa ta fito ƙanana kamar goro, wasu ma sai ka rantse tafarnuwa ce. Duka-duka ba ta rufe faifai ba.

Nan hankalina ya tashi. Na san Maman Rahila, wadda mijinta ke noma wajen Wurno, buhu za ta kawo a baro. Ni kuma in shigo da abin da ko miyar kwana biyu ba zai yi ba? Amma babban tsorona ba matan ba ne. Gani nake in Ubangiji ya dubi faifan nan zai ce raini ne: na ba ki ɗa, kin ba ni wannan? In zazzaɓin ya dawo fa? (Kada ku yi mini dariya tukuna, ku adana ta, za ku buƙace ta a gaba.)

Sai dabarar 'yan kasuwa ta faɗo mini. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ido gare ni, na sha ganin yadda ake shirya kwando: ƙanana a ƙasa, manya a sama suna ƙyalli. Matsalata ita ce ko na ƙasan ba ni da su.

Ran Asabar na shiga wurin Inna Hajo, mahaifiyar Malam Sani, wadda ta riƙe ni kamar ɗiyarta tun da munka zo. Na roƙi aron babban bahonta. Ta tambaye ni mi zan yi da baho ran Lahadi, ni da ba na wanki ran Lahadi. Da na ce godiya zan kai coci saboda Iliya, ta ji daɗi ƙwarai, har ta zaɓo mini manyan albasa daga ta ɗanta, ta ce in ƙara, Allah shi raya yaro. Sannan ta dubi faifaina, ta dubi bahon.

"Ɗiyata, bahon ga bai yi miki yawa ba?"

Na ce a'a Inna, daidai ne.

Da safe Baban Iliya ya riga ni fita, don shi ke kaɗa ganga a coci. Na rufe ƙofa na shiga aiki. Na cusa tsummokara a ƙasan baho, na ɗora tsohon gidan sauro. Bai cika ba. Ina waige-waige sai idona ya faɗa kan wandon aikin Baban Iliya, wanda baƙin mai ya rine. Wandon nan ya taɓa yagewa ta baya, ni da hannuna na yi masa maho da ragowar ƙyallen zanen zumuntar mata, irin wanda kowace mace a cocin take da shi. Na dunƙule shi na danna. Na shimfiɗa ɗankwali, na zuba 'yan albasata, na jera ta Inna Hajo a sama. Gaskiya ya yi kyau. Shirina shi ne in an tashi in yi wuf in ce ni zan juye nawa a buhu, kada in wahalar da kowa.

Fasto ya yi wa'azi ranar, wai a kan sujada ta gaskiya, cewa Allah zuciya yake dubawa. Na ce "wai" don daga baya anka ba ni labari. Ina zaune, amma rabin hankalina na kan baho, rabi na kan buhun Maman Rahila. Duk da haka ba wanda ya kai ni ƙarfin "Amin."

Anka zo shiga da kaya. Mata sunka jeru a waje, anka fara buga tulu da kacau-kacau. Mama Rifkatu, shugabar zumuntarmu, tsohuwa mai sanyin magana, ta matso za ta taya ni ɗauka. Na yi maza na ce ta bari kada bayanta ya riƙe. Na ɗora a kai ni kaɗai har da nishi, ina lanƙwasa wuya, alhali bahon bai fi matashin kai nauyi ba. Iliya na goye a bayana.

Ina shiga wata ta rangaɗa guɗa. Na ga Maman Rahila ta ɗaga gira. Na ga Baban Iliya ya buɗe baki, yana kiɗa yana kallona, don ya fi kowa sanin abin da fangalin ya haifa. Kaina ya kumbura. Na saki baho, na buɗe hannuwa biyu, na shiga taka rawa ina juyi a tsakiyar coci.

Abin da ban sani ba, mazagin wandon nan ya zubo ta gefen baho, yana lilo daidai fuskar Iliya. Yaron da ko ɗan kunnena bai bari ba. Na ji an ɗan ja, na ce a raina ɗankwalina ne. Na ji an sake ja da ƙarfi.

Baho ya kife. Albasa ta watse ƙarƙashin bencuna tana gangarawa, gidan sauro ya sauka a kafaɗar wani dattijon ikilisiya, tsummokara sunka zube a gaban bagade. Ganga ce ta fara yin shiru, sannan tulu. Na waiga, sai ga Iliya riƙe da wandon ubansa yana kaɗa shi sama yana ƙyalƙyala dariya, mahon zanen zumunta yana kallon jama'a.

Dattijon nan, idonsa ba ya gani sosai, ya cire gidan sauron daga kafaɗa, ya shafa shi, ya tambaya da zuciya ɗaya, "Wannan kuma a wace gona anka noma shi?"

Shi ke nan. Har fasto sai da ya ɓoye fuska a bayan hannu. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Mama Rifkatu ce ta zo. Ba ta yi dariya ba (ko da yake na ga gefen bakinta na rawa). Ta durƙusa tana tsince albasa, ta ja ni na durƙusa kusa da ita, ta tambaye ni a hankali wacce ce tawa a ciki. Ina kuka na faɗa mata komai, tun daga asibiti har tsoron da nake ji.

"To ke, da ya tashe miki yaron, albasa ya gani?" in ji ta. "Ai ko shuka ta ba ki yi ba a lokacin. Ba ciniki kunka yi ba, ɗiyata. Shi da ya ba ki ita ya san girmanta tun tana cikin ƙasa. Tsince taki ki kai mai."

Ta sa anka miƙo faifai. Na bi ƙarƙashin bencuna ina tsintar ƙananan, mata na turo mini su da ƙafa, har Maman Rahila ta miƙo mini guda biyu. Mama Rifkatu ta sake ɗaukar waƙa, Baban Iliya ya kama kiɗa kansa a sunkuye. Na riƙe faifan da hannu biyu, ba rawa, ba juyi, na durƙusa a gaba. Duk addu'ar da na iya ta gudu, "Na gode" kawai ya fito. Kuma sai a lokacin, tun safe, na tuna da gadon asibitin nan da zafin jikin yaron a hannuna. Ga shi yanzu a bayana, da ƙarfin da zai kifar da baho.

Manyan albasan anka ajiye su gefe, na faɗa wa kowa cewa kyautar maƙwabciyata ce don Iliya.

Da yamma na mayar wa Inna Hajo bahonta. Ashe labari ya riga ni. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce ai ta gaya mini ya yi mini yawa. Baban Iliya kuwa, washegari da sassafe ya ɗauki kayan aiki ya tafi ya gyara injinmu. Wandon dai bai sake sa shi ba, kuma har yau in mata sun yi ankon zumunta sai su ce masa ina nasa.

Iliya na nan lafiya lau, ni ma na rage taɓa goshinsa (kaɗan). Abin da na koya shi ne, in za ka gaban Ubangiji, ka tafi da kwanon da ya yi daidai da abin da ke hannunka, don ta ƙasa yake fara duba baho. In kuwa ka ƙi ji, to don Allah ka cire mazagi.