Akwatin Kiɗa a Alkukin Habsu

Jama'a, ina da wani ɗan hali da gara ku ji shi daga bakina: hannuwana ba sa jiran izinin kaina kafin su yi tafi. Da zarar na ga babbar riga ta sauko daga mota, an miƙa mata almakashi a kan faranti, shi ke nan, tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Wannan halin ne ya sa yau nake da akwatin kiɗa mafi kyau a unguwarmu, kuma mafi ladabi.

Mu mutanen bakin gari ne, can inda Gure ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Tun ina saurayi muke hango hasken cikin gari kamar mai azumi yana hango rumfar mai tsire. Kwatsam sai ga turakun wuta an kafa mana, sababbi fil, a jere, an shafa musu farar ƙasa har gwiwa. Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwan Masu Jira, Allah ya ƙara wa rigarsa sitati, ya zo da kansa da rana tsaka. Ya yanke ƙyalle, ya danna wani abu, aka ce ƙwan da ke kan turken farko ya kama. Rana ta yi yawa, ba mai iya gani, sai da wani dogo ya hau tebur ya kare ƙwan da hularsa ya rantse mana. Na yi tafi har agogona ya tsaya.

Maƙwabcina Aisami, wanda rabin ransa ke gari rabi na wajen raƙumansa a Bune, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Malam Ja'afaru, ba ka jin wani abu na gurnani a bayan katangar can?"

"Ƙarar ci gaba ce, Ya Aisami."

"To, ci gaban nan warin gazuwal, man janareta, yake yi. Kuma ni ban ga waya tsakanin turakun ba."

"Ba ka ji jawabi ba? Waya tana hanya."

"Raƙumana ma suna hanya," in ji shi, "amma ni na san wace hanya."

Ban kula shi ba. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Tun zamanin da nake da suma nake mafarkin akwatin kiɗa mai lasifika biyu, wanda ganga za ta fito ta dama, goge ya amsa ta hagu, ni kuwa ina kishingiɗe a tsakiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Matsala ɗaya ce: ɗakin. Ɗakinmu ni da matata Habsu, in na yi miƙa da safe, ƙafata ce ke buɗe ƙofa. Gado ya cinye rabi. Jerenta na kwanuka da tasoshi, wanda ta tara tun aure, ya hau bango har rufi ya cinye sauran. Wuri ɗaya tak ya rage, alkuki, ɗan ramin nan na jikin bango. A can kuwa kaskon turarenta ke zaune tun ranar da aka kawo ta gidan. Wanda ya san matan Gure da turaren wuta ya san na nemi babban abu.

"Habsu," na ce, da muryar da nake roƙon ƙarin miya, "wuta ta zo."

"Ina take?"

"Tana hanya. Ki ara mini alkuki."

Ta dube ni kamar na ce ta ara mini haƙorinta. Lokacin ƴarmu Rahama tana gida goyon ciki, haihuwa yau ko gobe, sai na bi ta nan. Na ce ta yi tunanin ranar suna, mata sun cika tsakar gida, kiɗa na tashi daga ɗakinta, matan cikin gari masu yi mana kallon mutanen duhu suna tambayar ina aka samo wannan. Na ga idonta ya ɗan motsa.

"Na ara maka, Malam," ta ce. "Amma ka ji sharaɗi. In ranar suna ta zo abin nan bai yi magana ba, kaskona ya koma gidansa, kai kuma ba ka ƙara kawo mini zancen kiɗa har mu tsufa."

"Ai mun tsufa."

"Har mu ƙarasa."

Na amsa da sauri, don mutumin da ya ga ƙwai ya kama ta bakin dogo ba ya tsoron sharaɗi.

Faɗin alkukin kamu ɗaya ne, wannan hannuna zai riƙe mini. Tsayinsa kuwa sai na zaro karan gero daga danga na auna, na karya daidai, na riƙe shi kamar sandar sarauta. Aisami ya ce zai kai ni kasuwa a motonsa, wato babur, amma sai mun biya gidan mai.

Kun san layin mai, ba sai na ba ku labari ba. Mun samu mutanen da suka zo tun asuba har sun fara ƙulla surukuta. Muna tsaye wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta shigo ta inda ake fita, aka cika ta, aka cika jarkokin da ke bayanta, aka cika jarkokin da ke bayan jarkokin. Ba mu yi fushi ba. Wataƙila wayarmu za ta je tarowa.

Nan ne wani ɗan kabu-kabu ya hango karana. Ya ce in ara masa ya tsoma a tanki ya ga ko sauran mansa zai kai shi bakin famfo. Daga shi sai na bayansa, daga na bayansa sai layi duka. Karana ya zama ma'aikacin gwamnati, yana bi tanki tanki yana duba abin da babu. Da ya dawo hannuna yana warin mai, sai na ga kamar ya rame.

"Wa ya gutsure mini kara?"

"Ɗan kaɗan ne, Alhaji," in ji wani, "na toshe tiyo da ke yoyo."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da ya ce Alhaji sai na ji na yafe.

Shagon Ɗan Kasuwa, haka sunansa yake tun yana cikin zane, cike yake da akwatuna har kan titi. Da ya ji bukatata ya tayar da injinsa, ya jawo wani ƙaton abu da ya kai ni ƙirji, irin wanda ake ɗaure wa mota lokacin neman ƙuri'a. Ya murɗa. Akuyar da ke kwance a ƙofa ta tashi ba sallama, dabinon mai talla ya fara tsalle a faranti, ni kuwa na ji hanjina yana canja wuri. Sai na tuno jeren Habsu. In wannan ya yi tari sau ɗaya a ɗakinmu, kwanuka za su sauko su binne ni, a yi suna da jana'iza rana ɗaya.

"Wannan na masu alkawari ne," na ce. "Ni na masu saurare nake so."

Ya kawo wani mai fitilu ja da kore yana ƙyafta ido kamar motar biki. Na ce a'a, ina da jika a hanya, mutuncina ya fara tsada. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da shi: ɗan baƙi, mai kunya, lasifikoki biyu ƙanana a gefe kamar tagwaye sun raka yayansu. Yana kama rediyo, yana karɓar kiɗa daga salula ba tare da igiya ba, muryarsa kuwa a tattare take, ba ta dukan bango ta dawo. Na ɗora kamuna, ya yi. Na jingina kara, daidai wa daida! Na yi wata ƴar rawa da ban san tana jikina ba, har Aisami ya juya baya ya ce shi bai san ni ba.

"Akwai ƙaninsa mai batir," in ji Ɗan Kasuwa, "har da ɗan faifan rana na caji. Mutanen bakin gari shi suke ɗauka."

Jama'a, ku ji abin da bakina ya faɗa. Na gyara hula na ce, "Mutanen bakin garin da, kake nufi. Mu mun wuce zamanin batir. Ba ni mai wuta zalla."

"Ka ɗauki mai batir, Malam Ja'afaru," in ji Aisami.

"Ya Aisami, kai da raƙumi ka saba, shi ya sa komai sai ka ce a yi guzuri."

Akwati ya shiga alkuki lafiya, har da sarari a samansa da ban san daga ina ya fito ba. Kasko ya koma ƙarƙashin gado yana fushi. Kullum da safe ina goge akwatin da hular sallata, in fita in gaida turaku. Rahama ta sauka lafiya, namiji, mai hancin kakansa, Allah ya ba shi haƙuri.

Ranar suna, an yi addu'a, an raba goro da dabino, ana fiɗar rago, sai na ji ƙugin babbar mota. Na tashi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ina ihu, "Waya ta iso! Habsu, waya ta iso!" Baƙi suka biyo ni. Muka tarar da ƙarti suna girgiza turken farko, wasu turaku biyu kuma an riga an kwantar da su a mota.

Na ce wa mai hular kwanon da ke ba da umarni, "Samari, lafiya? Ina za ku kai mana wuta?"

"Baba, ai an gama da su a nan. An ƙaddamar, an ɗauki hoto. Mutanen garin Gamu ma ƴan ƙasa ne, jibi nasu bikin."

"To wayar fa?"

"Tana hanya, Baba."

Aisami ya dafa kafaɗata. "Ka gani? Su ma makiyaya ne. Turakun nan kiwo ake kai su, inda tafi ya tsiro."

Ni dai ban ga abin zargi ba, kuma ina roƙon masu gunaguni su ji tsoron Allah. Wace ƙasa ce ta kai mu tattali? Wasu sai su sayi turaku gari gari, a yi ta ɓarna. Mu kuwa da ƴan turaku kaɗan an haskaka yanki guda, kowa ya samu rabonsa na jawabi, kuma ba a taɓa jin wuta ta ja yaron kowa ba. Allah ya ja zamanin Sarkin Almakashi. In da mota, da na bi su Gamu na taya su tafi, don hannun ya riga ya saba.

Da la'asar mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka yi kiɗansu, suka cashe har ƙura ta tashi, ba wadda ta tambayi akwati. Habsu ta shigo da kaskonta yana hayaƙi, ni kuma na miƙe zan cire kayana bisa sharaɗi.

"Bar shi, Malam," ta ce. Ta shimfiɗa faifai a kan akwatin, ta ɗora kasko. Ya zauna ɗas a sararin nan da mai tiyo ya gutsura. "Dama alkukin ya yi mini zurfi. Allah ya saka da alheri."

Yanzu haka yana can yana shan ƙamshi, lasifika a dama, lasifika a hagu. Jiya na ce bari in warware igiyarsa don kada ta manta aikinta. Na zagaya da ita bango huɗu, na leƙa har bayan jere. Ɗakinmu ba shi da wurin soka ta.