Rasuwar Gidan Dutse na Gona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, Auta yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gidan dutse na gona, wanda ya kwanta dama ranar Talata da hantsi, ana tsakar ruwan sama.

Marigayin ya zo duniya ne a hannun kakan Auta, wanda ya yi ta jido duwatsu daga gindin tsauni a bayan jaki, yana sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ya rayu da mutunci. Da zafi yakan riƙe sanyi, da sanyi yakan riƙe ɗumi. Bai taɓa tona asirin mai kuka a cikinsa ba, don kaurin bangonsa ya kai kamu guda. Ba shi da yawan magana, in ban da "ƙiiiƙ" da ƙofar gaba take yi wa kowane baƙo.

Ciwon ajalinsa ya fara da 'yar tsaga a bangon gabas, wadda ko bakin wuƙa ba ya shiga. Auta ya cike ta da siminti, ta sake buɗewa. Ya tokare bangon da gungumen itace, ya hau rufi, ya sauko, ya kirawo magini. Magini ya ce sai an warware bangon an ɗora shi sabo. Auta ya buga wa Yaya Babba waya a birni, Yaya ya ce a bari damina ta wuce. Ba ta wuce ba. Auta na tsaye a bakin rijiya ya ji "gurum", ya waiwayo ya ga sararin sama ta inda ɗakin girki yake.

Tun ranar bai zauna ba. Ya zo kangon, ya tafi, ya dawo. Ya ɗauki dutse ya jujjuya shi, ya rasa inda zai ajiye. Mai tifa ya zo taya duwatsun, Auta ya ce ba na sayarwa ba ne, ya raka shi har bakin hanya da idanu jajur.

Marigayin ya bar dokin ƙofa a tsaye, da murhu, da tsuntsayen da har yanzu suke kewaya inda sheƙarsu take. Ya bar jikoki warwatse a birane. Ya kuma bar Inna, wadda aka kai ta amarya cikinsa, yanzu tana jinya a gidan 'yarta, kullum tana tambaya ko an rufe mata tagar ɗakinta kada feshi ya shiga.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, a inda ya faɗi. Ba za a binne shi ba. Za a jera duwatsunsa a gefen rijiya, na kowane bango daban, don Auta ya rantse ko ɗaki ɗaya ne sai ya tashe shi. Masu zuwa su zo da baro da safar hannu.

Wanda kuma ya san yadda ake gaya wa tsohuwa irin wannan magana, don Allah ya riga kowa zuwa.